Shekarar da Aka Koya Mini Numfashi

A tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da mutum zai wuni a layin mai ya koma gida yana tura babur, ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Potiskum. A ganina, daga nan har Damaturu babu wanda ya kai ni iya zana ƙwaƙwalwar ɗan Adam a allo. Alli kala uku nake sawa. In na gama sai in ja da baya, in karkace kai ina kallo, ɗalibai su yi tsit suna zaton tunani nake yi, alhali kuwa yabon kaina nake. Na san sunan kowane lungu da saƙo na cikin ƙoƙon kai da Turanci, har waɗanda ba sa fitowa a jarrabawa. Shekaruna talatin da huɗu, ina da mata da 'ya'ya biyu, da babur, da gidan haya a Dogo Nini.

Wata Litinin da safe, farkon damina, na yi wanka na sa kaya, na zauna a bakin gado zan sa takalmi. Na sa na dama. Na ɗauki na hagu na riƙe. A haka matata ta same ni bayan an kira azahar.

"Malam, yau babu makaranta ne?"

Na ce akwai.

"To me kake jira?"

Na duba takalmin. Ba abin da yake mini ciwo. Kawai dai nisan da ke tsakanin hannuna da ƙafata ya fi mini na Makka.

Ba wanda ya mutu mini, ba a kore ni daga aiki ba, ba mu yi faɗa da kowa ba. Wannan shi ya fi ba mutane haushi, don ciwon da ba shi da dalili ba ya ba mai gaisuwa abin faɗa. Tuwo ya koma kamar dusa a bakina. 'Yata ƙarama ta zo ta hau cinyata, in ji ta kamar buhun gero aka ɗora mini. Daga waje ka ce ba na tunanin komai, amma a ciki injin niƙa ne wanda ba a kashewa. Wani sifeton makarantu ya taɓa gyara mini rubutun wata kalma a gaban ɗalibai, shekara biyu kafin nan. Wannan gyaran nake ji daga safe har yamma. Daga shi in wuce zuwa ranar da na faɗi jarrabawar shiga jami'a karon farko, daga nan in gangara zuwa hukunci: kai ba kowa ba ne, kowa ya sani, kunya ce ta hana su faɗa. In na kai ƙarshe sai a komo da ni farko.

Mai kemis na bakin titinmu shi ya fara duba ni. Bawan Allah ne wanda tunda ya buɗe shago bai taɓa cin karo da ciwon da ba taifot ba. Ya yi mini allurai har na daina iya zama daidai, sai a karkace. Da bai ga sauƙi ba ya ce taifot ɗin ce ta yi taurin kai, ta haɗu da maleriya.

Sai Kawu ya zo. Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin shanu a kara, mutum ne mai faɗin ƙirji da murya irin wadda ba ta san cikin ɗaki ba. Iyayenmu daga Kano suka zo fatauci suka zauna, kuma tun da mahaifina ya rasu Kawu yake ganin shi ne gwamnan danginmu. Ya shigo bai cire hula ba, ya tsaya a kaina.

"Buɗe bakinka."

Na buɗe. Ya leƙa haƙorana. Ya ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, ya matsa mini doron wuya, ya bubbuga haƙarƙarina. Sannan ya juya wajen matata kamar ita ce mai saye.

"Lafiyarsa ƙalau. Ƙoshi ne. Ƙoshi da boko. Ga aiki, ga mata, ga babur, me kuma yake nema? Mu da muka tashi muna bin shanu da ƙafa har Nangere ba takalmi, wa ya taɓa jin mun kwanta muna kallon rufin ɗaki?"

Maganinsa shi ne in ga mutanen da suke da dalilin kuka amma ba sa yi. Ranar Laraba ya ɗora ni a bayan mota ya kai ni kasuwar shanu. An yi ruwa, ko'ina caɓi da kashin shanu. Ya tsayar da ni yana nuna mini masu lodi, da mahauta, da Fulanin da suka taho da dabbobi daga nesa, yana cewa, "Kalli wancan. Kalli wancan. Wanne ka fi shan wahala?" Ina kallo, kuma gaskiyarsa, ban fi ko ɗaya ba. Injin cikin kaina ya karɓi wannan ma ya ƙara a cikin niƙan: ga shi ko dalili ba ka da shi.

Ana cikin haka wani bajimi ya tsinke igiya. Wuri ya kaure da ihu, kowa ya ranta a na kare, Kawu da duk girman jikinsa sai ga shi a saman motar lodi, ban san ta inda ya hau ba. Ni kuwa ina nan inda ya ajiye ni. Bajimin ya wuce ta gefena har iskarsa ta kaɗa mini riga. Ba jarumta ba ce. Gudu ne na ga ya yi mini yawa.

Da Kawu ya sauko, fuskarsa ta canza. Ya dube ni daga nesa-nesa ya ce, "A'a. Wannan ba ƙoshi ba ne. Akwai wani a cikinsa."

Kwana uku bayan nan ya kawo wani mai maganin iska daga wajen Nangere. Aka lulluɓe ni da bargo, aka tura kasko mai garwashi da wasu saiwoyi ciki, mutumin yana dukan bargon da carbi yana cewa, "Faɗi sunanka! Daga ina ka biyo shi?" Ni dai tari nake yi. Da aka ɗauki lokaci ba wanda ya faɗi suna, sai ya yaye bargon ya sanar da cewa aljanin bebe ne, kuma irinsu sun fi wuyar fita. Bargon aurenmu ya tashi da rami, ni na tashi ba rabin gira.

Da suka tafi matata ta zauna tana duba ramin bargon. Ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Malam, na gaji da hayaƙi. Gobe zan kira Sista."

Na san wadda take nufi, kowa a Dogo Nini ya sani. Wata tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, layi biyu tsakaninmu da ita. Ta yi shekaru tana aiki a ɓangaren masu taɓin hankali na wani asibiti a Maiduguri, shi ya sa a bayan idonta ake ce mata Sistar mahaukata. Ana gaishe ta a hanya da ladabi, amma ba wanda yake son a gan shi yana shiga gidanta, ko ita tana shiga nasa. Ita ma ta san da haka. Washegari da hantsi, bayan maza sun fita, ta shigo da tiren kuɓewa a ka kamar mai talla.

Gajeriya ce, baƙa, da tabarau ɗaure da zare. 'Yar asalin yankin nan ce, ba Bahaushiya ba, Hausa a kasuwa da asibiti ta koye ta, don haka ba ruwanta da bambance namiji da mace a magana. Ta kan ce "matarka ya gaya mini". Ina kwance ba na iya ɗaga takalmi, amma ina gyara mata nahawu a zuciya. Ko a wannan hali girman kai bai kwanta tare da ni ba.

Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna. Ba ta taɓa ni ba. Tambayoyi ta yi ta yi: barci, abinci, tun yaushe, akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginmu. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Malam, ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya?"

Wata biyu ana zuwa duba ni, ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na ce mata e, na kan ji. Ta gyaɗa kai kamar na ce mata ina jin ƙishirwa. Ta kira matata ta ce ta kwashe fiya-fiya da maganin ɓera daga gidan, kuma kada a riƙa barina ni kaɗai na tsawon lokaci.

"Ciwon damuwa ne," in ji ta. "Ciwo ne kamar kowane ciwo. Na ga irinka sun fi gashin kaina, da alƙalai da masu tura baro. Jibi za ka ga likita, ya rubuta maka ƙwaya. Ƙwaya aikinsa. Ni nawa aikin daban."

Likitan ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi masu busar da baki da sa gyangyaɗi, ya ce sai na yi makonni kafin in ji wani abu. A cikin waɗannan makonni Sista ta fara nata. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin bishiyar maina ta tsakar gida. Ta ce in zauna, in miƙe baya, in sauke ido.

"Yanzu ka ji numfashinka. Kada ka ja shi, kada ka gyara shi. Ka ji shi kawai yana shiga yana fita. In ya fita ka ce ɗaya. Har goma."

Na ɗago na dube ta. Ni da na yi shekara tara ina koyar da yadda huhu yake aiki, yau wata tsohuwa mai tallan kuɓewar ƙarya za ta koya mini numfashi.

"Shi ke nan maganin?"

"Ka kai goma tukuna, sai ka raina."

Na sauke ido. Ɗaya. Biyu. Uku. Can na ji ta ce, "Nawa?"

Na buɗe ido. Ban san nawa ba.

"Ina ka je?"

"Aji," na ce. "Sifeto yana gyara mini rubutu."

"Yau ya gyara?"

"Shekara biyu ke nan."

"To shi yana gidansa yana cin tuwo. Dawo. Fara daga ɗaya."

Ranar sau ashirin na fara daga ɗaya, ban wuce huɗu ba. Na ce mata na kasa. Ta ce ban kasa ba, wannan dawowar ita ce aikin, ba goman ba. Duk sanda na farga cewa na tafi, in dawo ba tare da na zagi kaina ba. Na ce rashin zagin ne zai yi wuya. Ta ce ta sani, malamai duk haka suke, sun saba da jan biro.

Daga wani likita Ba'indiye da ta yi aiki a ƙarƙashinsa ta koyi abin. Shi yake sa marasa lafiyar da suka fara farfaɗowa su zauna haka kullum safe, ita ce mai kula da su, har ta fara yi da kanta. Wata rana, da na ɗan sami ƙarfin gardama, na ce ta gaya mini me wannan zaman yake yi wa ƙwaƙwalwa, a kimiyyance. Har na ɗauki tsinke na zana mata hoton a ƙasa, na fara jera sunaye.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ka taɓa ganin saniya tana tuƙa? Ciyawar da ta ci tun safe take dawo da ita baki tana sake taunawa. Ita yana yi mata amfani. Kai naka ba ciyawa ba ne, tsakuwa ce. Likitan nan Ba'indiye ya ce mana duk hanyar da tunani ya saba bi, ƙara zurfi take yi, kamar burtali. In ka bi sau dubu, ƙafa da kanta take kai ka. In kana tsayawa kana juyowa, kullum kullum, wata hanyar ce take fitowa, tsohuwar ciyawa ta fara rufe ta."

"A wane ɓangare?" na tambaya, ina nuna zanena.

"Ya ce na gaba, nan bayan goshi, shi ne makiyayi. Akwai wani ƙarami can ciki, shi kamar kare ne mai haushi ko ganye ya motsa. A mai irin ciwonka, kare ba ya shiru, makiyayi kuma ya yi barci. Zaman nan tada makiyayi ne."

Na ce wannan ba hujja ba ce, misali ne. Ina aka gwada? Wa ya gani?

Ta share zanen nawa da silifas. "Ni ban taɓa leƙa kan mai rai ba. Abin da na gani shi ne mutanen da suka tashi suka koma gida. Kai da ka san sunan kowane ɗaki a cikin kai, a wanne ka ɓata wata uku?"

Na ajiye tsinken. Na koma ɗaya.

Katangar gidanmu gajeriya ce, kuma maƙwabta suna da wuya. Ba a yi kwana goma ba labari ya zaga cewa malamin bayoloji ya shiga addinin Indiyawa, yana zama safe da yamma ido rufe ba carbi. Wasu suka ce an ji ina gunji kamar saniya. Wata ta rantse ta ga na tashi sama da tabarmar kamar taƙi ɗaya. Da a ce na iya, da na tashi na bar musu unguwar.

Wata rana bayan la'asar ina zaune, na kai shida, abin da ban taɓa yi ba, sai na ji sallamar Kawu. Ya taho da limamin unguwa, wani dattijo siriri mai sanda, wanda ba ya ɗaga murya ko a huɗuba.

"Allah gafarta Malam, ga shi nan, ka gani da idonka," in ji Kawu. "Aljani bai ishe mu ba, ga kafirci."

Na miƙe na gaishe su. Liman ya zauna a gefen tabarmar, ya ce in koma yadda nake.

"Ɗana, in ka zauna haka, me kake karantawa?"

"Ba komai, Allah gafarta Malam."

"Wa kake kira?"

"Ba kowa."

"Ina kake fuskanta?"

"Inda inuwa take."

"Salla fa?"

"Ina yi."

"To me kake yi a zaman?"

Na ji kunya, amma na faɗa. "Ina jin iska tana shiga hancina tana fita."

Liman ya shafa gemu. Sannan ya juya ga Kawu. "Alhaji, na yi karatu daidai gwargwado. Ban ci karo da babin da ya hana mutum jin hancinsa ba."

"Amma daga Indiya aka kawo shi!"

"Turaren da ke jikinka daga ina aka kawo shi?" Kawu ya buɗe baki, Liman ya ɗaga hannu. "Bari in tambaye ka, tsakaninka da Allah. La'asar ɗin nan da muka idar, raka'a nawa ka yi a masallaci, nawa ka yi a kara?"

Matata tana bayan labule, na ji wani abu kamar tari ya ƙwace mata. Kawu ya gyara babbar riga ya ce shi dai ya sauke nauyi. Da za su fita Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "In ka iya tsayar da hankalinka wuri ɗaya, ka kawo shi sahu. Muna da ƙarancinsa."

Maganar ta zauna mini. A magaribar ranar na gwada, na tarar tun ina yaro jikina ne yake salla, ni ina wani wuri. Wannan ma na so in mai da shi abin zagin kai, sai na tuna an hana.

Ba zan ce ga ranar da sauƙi ya zo ba, don bai yi sallama ba. Ban kuma san nawa ne aikin ƙwaya nawa ne na tabarma ba. Amma ina tuna abu biyu. Na farko, Sista ta ba ni ƙwayar dafaffiyar gyaɗa guda ɗaya ta ce in cinye ta a hankali, in duba ta, in sansana, in tauna kamar ban taɓa ganin gyaɗa ba. Na yi don in rabu da ita. Ina cikin taunawa sai na ji gishiri. Wata huɗu ban ji ɗanɗanon komai ba. Na ce a ƙara mini, ta ce wa matata, "Ba shi kwano, amma kada ya yi wa kowacce wa'azi."

Na biyu ya fi wuyar faɗa. Ina zaune wata safiya, sai maganar nan ta taso kamar kullum: kai ba kowa ba ne. A da in ta zo, ni da ita abu ɗaya muke, kamar ruwa da mai nutso. Ranar sai na gan ta tana zuwa. Na ce a raina, af, ga ta nan kuma. Ta tsaya, ta yi abin da za ta yi, sannan wata akuya ta yi kuka a bayan katanga, na ji kukan, na koma ɗaya. Maganar ba ta mutu ba, ta dawo kafin hantsi. Amma na gane cewa zuwa take yi, kuma abin da yake zuwa yana iya tafiya.

Da kaka ta yi na koma makaranta. Nan halina na asali ya farfaɗo tare da ni. Na fara gaya wa abokan aiki cewa gajiya ce ta kama ni, kuma da ilmina na gano bakin zaren na warkar da kaina. Sunan Sista bai fito daga bakina ba. Na bar shan ƙwaya ba tare da na koma wurin likita ba, don mai lafiya ba ya shan magani. Tabarmar ma aka naɗe, yara suka mai da ita ta cin abinci.

Bayan babbar salla abin ya dawo. Bambancin kawai shi ne wannan karon a kwana na uku na gane shi, tun yana bakin ƙofa. Na hau babur da rana tsaka na nufi gidan Sista da kaina. Na so in ce na yi jarumta, amma gaskiya a ƙofar wani tela na ajiye babur ɗin, gida uku kafin nata, na ƙarasa da ƙafa ina waige.

Tana tsakar gida tana ba awaki dusa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wanda ya warkar da kansa ya zo."

Ashe labarin ya iso mata. Na sunkuyar da kai na gaya mata komai.

"Jiya ka yi wanka?" ta tambaya.

"Na yi."

"Yau fa?"

"Na yi."

"Don me? Ai ka riga ka yi jiya." Ta zubar da sauran dusar. "Gobe ka koma wurin likita ka gaya masa wautar da ka yi, da bakinka. Ba a yanke wannan ƙwaya kamar igiya. Yanzu zauna can. Fara daga ɗaya."

Wannan karon mako shida na yi, ba wata biyar ba, kuma ban daina zuwa aiki ba. Tun daga nan ban sake naɗe tabarmar ba. Ciwon ya leƙo ni sau biyu ko uku a shekarun da suka biyo, ya tarar ina zaune ina kallonsa. Yanzu na ji ana cewa akwai na'urorin da suke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, kuma masu bincike suna ganin wuraren da suke ruruwa in mutum yana juya tunani a kansa sukan lafa a wurin waɗanda suka daɗe suna irin wannan zama. Suna kuma cewa zaman ya fi amfani wajen hana ciwon komowa. Mai yiwuwa haka ne. Nawa kan ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, kuma ba na neman a ɗauka.

Sista ta rasu gab da ƙarshen shekarun casa'in, bayan gajeriyar jinya. Na je jana'iza, washegari kuma na koma zaman gaisuwa. Na zata danginta zan tarar da 'yan maƙwabta. Sai na ga an shimfiɗa tabarmi har sun tare layin. Ga wani babban ɗan kasuwar hatsi, ga wani tsohon ɗan sanda, ga direbobin manyan motoci biyu, ga wani jami'in ƙaramar hukuma da direbansa ya ajiye mota can nesa a bakin titi. Mutanen da ban taɓa tsammanin sun san hanyar gidan ba. Kowa ya zo ya yi addu'a ya zauna yana kallon ƙasa, yana satar kallon na kusa da shi.

Wani ƙaninta, dattijo daga ƙauye, shi yake karɓar gaisuwa. Mamaki ya kama shi, ya kasa haƙuri, ya fara tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya yadda suka san marigayiya.

Ɗan kasuwar ya ce hawan jini ta taɓa duba masa. Ɗan sandan ya ce ciwon baya. Ɗaya daga cikin direbobin ya ce ba shi ba ne, wani abokinsa ne. Jami'in ya ce matarsa ce take sayen kayan miya a wurinta. Dattijon yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Allah sarki, ashe ta iya ayyuka da yawa."

Ina jin su ina dariya a ciki, ina cewa dubi manyan banza, mace ta tsamo su daga rami amma ko a kan gawarta ba za su iya faɗa ba. Na shirya jawabina tsaf. Zan faɗi sunan ciwon a gaban kowa, in faɗi abin da ta yi mini, in ba su kunya.

Dattijon ya iso kaina. "Kai fa, Malam?"

Duk suka ɗago suna kallona. Na gyara zama, na yi gyaran murya.

Na ce, "Ulsa."